Yadda za ka zaɓi ƙaramar na'urar hangen nesa don kallon Zuhal da Mushtari

Na'urar hangen nesa ta farko da na saya, a jikin kwalinta an rubuta 675x da manyan baƙaƙe ja, wato wai tana ninka girman abu sau 675, ga hoton Zuhal da zobenta ya cinye rabin kwalin. Na kai ta gida bakina har kunne. Bayan sallar isha'i na kafa ta a tsakar gida, na shafe wajen awa guda ina neman tauraro ɗaya tak da idona ke gani ƙarara a sama. Da ƙyar na same shi, kuma abin da na gani wani dunƙulen haske ne yana kaɗawa kamar aci-balbal a bakin ƙofa. Da na taɓa bututun sai ya fice. Sati biyu ba su cika ba na tura ta ƙarƙashin gado. Har yau wannan kuɗin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake so kai ka san abin da ake dubawa tun kuɗinka na aljihu.

Duniyoyi biyar ake iya gani da ido ba tare da komai ba. Akwai Zahra, wadda kakanninmu ke kira Gamzaki idan ta fito da asuba, su kira ta Zara matar wata idan ta bayyana da magariba. Akwai Mushtari, wadda a labarai za ka ji ana ce mata Jupiter, da Zuhal wato Saturn, da Marrihu wato Mars, sai Uɗaridu wato Mercury, wadda ba ta nisa da rana. Maganarmu a nan ta na'urar da za ta nuna maka waɗannan ce, wadda kuma mutum ɗaya zai saɓa ya hau da ita soro ko ya jefa ta a mota ba tare da neman taimako ba.

Mataki na 1: ka san abin da idonka zai gani

Hotunan Mushtari masu launuka kamar atamfa da ke yawo a intanet, kumbuna ne suka ɗauko su daga kusa, ko manyan na'urori irin Hubble da ke can sama da iskar duniya. Ƙaramar na'ura ba ta da wannan. Ga abin da take da shi. Mushtari za ta fito kamar ƙwayar gurjiya da ka riƙe ka miƙe hannu, fara mai ɗan rawaya, ɗamara biyu masu ruwan ƙasa sun ratsa ta, ga ɗigo huɗu a jere a gefenta. Ɗigon nan su ne manyan watanninta, Io da Europa da Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo ya gani a watan Janairun 1610. Ka duba bayan isha'i, ka sake leƙawa tsakar dare, za ka tarar sun sauya wuri: wani ya ɓuya a bayan uwar, wani kuma inuwarsa ta faɗo a kanta baƙa ƙirin kamar ɗigon tawada a allo. Ita kanta Mushtari tana gama juya jikinta cikin ƙasa da awa 10, don haka fuskar da ka gani da farkon dare ba ita za ka tarar da tsakar dare ba.

Zuhal ta fi ƙanƙanta a ido, amma ita ce ke sa mutum ya yi tasbihi bai shirya ba. Zoben yana fita tun a ninki 30, ya yi kyau sosai daga ninki 100. A watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana gefensa har ya kusa ɓacewa, kuma daga nan yake ta buɗewa kaɗan-kaɗan har zuwa wajen 2032, don haka wanda ya saya yanzu kowace shekara Zuhal ƙara masa kyau za ta yi. Idan zoben ya buɗe kuma iska ta natsu, na'ura mai faɗin baki inci 4, wato kimanin milimita 100, tana nuna baƙin layin da ya raba shi biyu, wanda masanin taurari Cassini ya gano a 1675, da kuma Titan, babban watanta.

Zahra ba ta nuna komai a jikinta saboda gajimare ya lulluɓe ta, sai dai tana cika tana raguwa kamar wata, wani lokaci ka gan ta jinjira siririya. Marrihu kuwa sai da haƙuri. Sau ɗaya take kusantowa a kowane wata 26, kusantowa ta gaba kuma a watan Fabrairun 2027 ce. Ko a lokacin, sai ka ninka ta wajen sau 130 kafin ta kai girman da wata ke yi wa ido tsirara. Mushtari ninki 40 ya ishe ta ta kai wannan girman.

Abu biyu suna taimaka mana. Na farko, duniyoyi suna da haske sosai, fitilun gari ba sa dusashe su, don haka ba sai ka fita daji ba. Na biyu, wurin da muke zaune a doron ƙasa. Kano tana digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, kuma a irin wannan wuri duniyoyi suna bi ta can sama, wani lokaci ta tsakar ka, inda iskar da haskensu zai ratsa ba ta da kauri. Mai kallo a Landan akwai shekarun da Zuhal ba ta tashi masa sama da digiri 16 daga ƙasa, yana leƙenta ta cikin tururin rufin gidaje. Mu ko a mafi munin shekara tana haura digiri 50.

Mataki na 2: faɗin baki kafin ninki

Lamba biyu ake rubutawa a jikin kowace na'ura ta gaskiya, misali 102/1300. Ta farko faɗin bakinta ne da milimita, wato faɗin gilashi ko madubin da ke tara haske. Ta biyu zangon haske ne, nisan da haske ke tafiya a ciki kafin ya tattaru wuri ɗaya.

Faɗin baki shi ne jari. Shi ke yanke yawan hasken da za ta tara, shi ke yanke ƙanƙantar abin da za ta iya bambancewa. Mai milimita 127 tana tara ninki biyu na hasken mai milimita 90. Ninki kuwa ba a jikin na'urar yake ba, daga ɗan gilashin idon da ka cusa a bayanta yake fitowa. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba zangon haske da lambar da ke jikin gilashin ido. Na'ura mai zango 1300 da gilashin ido na milimita 25 ta ba ka ninki 52, da na milimita 10 ta ba ka 130.

Iyakar ninkin da ke da amfani shi ne faɗin baki sau biyu. Mai 90 ta tsaya a 180, mai 102 a wajen 200, mai 127 a wajen 250. Abin da ya wuce nan hoto ne mai girma mara ma'ana, kamar ka buɗa hoton waya da yatsu har ya dagule. Waccan tawa ta ƙarƙashin gado bakinta milimita 60 ne, iyakarta 120, aka rubuta mata 675. Ko babbar na'ura ma yawancin darare iska ba ta barinta ta wuce 200, domin iskar sama tana motsi kamar yadda hanya ke rawa da rana tsaka a bazara. Ni mafi yawan kallona tsakanin 120 da 180 yake ƙarewa.

Don haka ƙasa da milimita 80 ba na ba ka shawara idan duniyoyi kake nema. Sama da 150 kuma an bar maganar ƙarama. Tsakanin 90 da 130 kasuwarka take.

Mataki na 3: wane iri

Nan ne mutane suka fi rikicewa, kuma nan zan fi daɗewa.

Iri na farko mai gilashi ne a gaba, dogon bututun da kowa ke zanawa idan an ce na'urar hangen nesa. Ba ta buƙatar saiti, ba ta da laulayi, ka fito da ita ka fara kallo. Matsalarta tsawo. Gilashi na talakawa yana watsa launuka, kuma maganin wannan shi ne a tsawaita bututun, sai mai milimita 90 ta kai kusan mita guda. Idan aka gajarta ta, kamar masu 80/400 da ake tallatawa da sunan na tafiye-tafiye, za ka ga Mushtari da Zahra da wani shuɗin gefe mai kama da shuni, ninki kuma da ƙyar yake kai 100 da kyau. Waɗannan suna da daɗi wajen yawo cikin taurari, amma ba aikinmu ba ne. Akwai masu gilashi na musamman da ake rubuta wa ED, irin Evostar 80ED mai zango 600, waɗanda suka kawar da launin kusan gaba ɗaya. Hotonsu tas yake, sai dai kuɗin da za ka ba da a milimita 80 zai saya maka 127 a wani irin.

Iri na biyu mai madubi ne a gindi, ƙirar da Isaac Newton ya fito da ita a 1668. A nan ne kuɗi kaɗan ke sayen baki mai faɗi. Ƙananansu da ake ɗorawa a kan tebur, irin Heritage 130P mai 130/650 da yayarta 150P mai 150/750, bututunsu yana shigewa cikin juna idan an gama, mazauninsu kuma katako ne mai juyawa, ƙirar John Dobson na San Francisco. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan zaɓi ne na mutunci, kuma tana nuna duniyoyi da kyau idan madubanta na kan saiti. Amma ka san abin da ka ɗauka. Dole ka koyi saita madubai, domin girgizar hanya tana gusar da su. Zangonta gajere ne, sai da gilashin ido na milimita 5 za ka kai ninki 130. Tana son abin ɗorawa mai nauyi wanda ba ya rawa, teburin roba ba zai yi ba. Ni turmi na kifa a tsakar gida, kuma ban ga abin da ya fi shi ba. Sannan bututun a buɗe yake, a ƙasar da hazo ke sauka wata uku ko fiye. Madubin da ƙura ta kwanta masa sai an cire an wanke, wankin kuma yana da haɗari ga wanda bai iya ba.

Iri na uku shi ne wanda nake nufin kai ka gare shi. Sunansa Maksutov, sunan Dmitri Maksutov, masanin gilashi na Tarayyar Sobiyet da ya ƙirƙiro shi a 1941. Idan ka leƙa bakinta za ka ga gilashi mai kauri ya lotsa ciki kamar kwano, da ɗan tabo mai sheƙi a tsakiyarsa kamar ƙwandala. Haske yana shiga ta gilashin, ya bugi babban madubi a gindi, ya dawo gaba ya bugi tabon nan, ya sake komawa baya ta wata huda a tsakiyar madubin zuwa idonka. Tafiya uku a gwangwani ɗaya. Shi ya sa zangon milimita 1300 ke shiga bututun da bai kai kamu guda ba, mai nauyin kilo 2 ko kusa da haka.

Duba yadda wannan ya dace da bukatarmu. Zangon dogo ne, don haka gilashin ido na milimita 10, wanda ba ya wahalar da ido, ya kai ka ninkin duniyoyi kai tsaye. Babu shuɗin gefe. Bututun a rufe yake ruf, ƙura ba ta kai wa madubi, iyakarta gilashin gaba. Saitin madubai daga masana'anta yake zuwa, kuma yakan shekara da shekaru bai gusa ba in dai ba faɗuwa ta yi ba.

Girma uku aka fi samu. Mai 90/1250, irin Celestron C90 ko Skymax 90, ita ce ta jakar goyo. Mai 102/1300, irin Skymax 102, ko NexStar 4SE da zangonta ya ɗan fi haka kaɗan. Sai mai 127/1500, irin Skymax 127 da NexStar 127SLT, wadda ta haura kilo 3. Idan ka tambaye ni, 102 ce tsaka-tsaki ga mai yawan tafiya, 127 kuma ga wanda iyakar tafiyarsa daga ɗaki zuwa soro ko daga gari zuwa ƙauye a mota. Bambancin 90 da 127 a kan ɗamarar Mushtari ido yana ganinsa tun a kallon farko.

Tana da aibi biyu, kuma gara ka ji su daga bakina. Gilashin gaban nan mai kauri yana daɗewa bai saki zafi ba, sai ka ba mai 127 minti 30 zuwa 45 a waje kafin hotonta ya zauna. Na biyu, filin da take nunawa ƙunci ne da shi. Taurarin nan Kaza da 'ya'yanta ba za su shiga gaba ɗaya ba. Wanda kuma babban burinsa neman jinjirin watan azumi ko na salla, tabaran hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, ya fi saurin kamo masa shi, daga baya ya juya na'urar ya tabbatar.

Akwai 'yar'uwarta Schmidt-Cassegrain, irin Celestron C5 da C6, mai siririn gilashi a gaba. Ta fi saurin hucewa, ta fi rashin nauyi idan girma ya ƙaru, amma lokaci-lokaci tana son a taɓa kusoshi ukun da ke gabanta don saiti. Idan ka samu C6 mai 150/1500 kuma aljihu ya ɗauka, ba ka yi asara ba, sai dai ta fara fita daga sahun ƙanana.

Mataki na 4: mazauni, rabin na'ura

Wannan shi ne abin da masu saye ke rainawa, kuma shi ya kashe tawa ta farko fiye da gilashinta. Ninki 150 yana ninka rawar hannu ma sau 150. Ƙari a kan haka duniyarmu tana juyawa, don haka a ninki 130 Mushtari tana ratsa filin gilashin ido daga gefe zuwa gefe cikin kimanin minti ɗaya da rabi. Kullum cikin bin ta kake, kuma idan kowace taɓawa sai hoton ya yi daƙiƙa goma yana rawa, kallon ya zama wahala.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kafa ta, ka saita wani abu mai nisa a babban ninki, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da farce. Idan rawar ta mutu cikin daƙiƙa 2 ko 3, mazaunin ya yi. Idan ta wuce 5, ka bar musu kayansu.

Mazauni iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda ke motsi sama da ƙasa, hagu da dama. Ka nemi wanda ke da 'yan marfi biyu na murzawa a hankali, irin AZ5 ko AZ Pronto, domin turawa da hannu a babban ninki tana wuce gona da iri. Akwai kuma mai karkata da ƙarfen nauyi a gefe, wanda ake rubuta wa EQ. Littattafan Turai suna yabonsa, amma a wajenmu yana da matsala ta musamman. Ana saita shi ne da tauraron arewa, tauraron kuwa tsayinsa daga ƙasa daidai yake da digirin garinka: a Kano digiri 12 kacal, inda katanga ko bishiya ko hazo ke rufe shi. Kuma idan ka kwantar da kan mazaunin zuwa 12, a yawancin ƙananan nan ƙarfen nauyin yana karo da ƙafar. Ƙari da kilo biyu ko uku na ƙarfe da za ka riƙa ɗauka. Ka bar shi.

Ƙafa uku ta kyamara tana iya ɗaukar mai 90 idan mai ƙarfi ce, amma kanta yakan yi fizge-fizge, kuma da ka ɗaga bututun sama sosai sai ya zame baya. Tunda duniyoyinmu ta tsakar ka suke bi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai masu inji, waɗanda ke nemo abu da kansu kuma su bi shi. AZ-GTi misali ce mai kyau: tana ɗaukar kilo 5, ana sarrafa ta da waya, tana cin batir AA guda 8 ko wutar bolt 12 daga waje. Don neman duniyoyi ba ka buƙatar inji, idonka ma yana ganinsu. Amfanin injin shi ne bi. Ranar da yara goma suka yi layi, ga maƙwabci ga baƙonsa, Zuhal za ta zauna a tsakiya ba sai ka gyara bayan kowane mutum ba. Idan kai kaɗai za ka riƙa kallo, ka saka kuɗin injin a faɗin baki. In ka zaɓi mai inji, ka tabbata ana iya sassauta shi a juya da hannu ranar da batir ya mutu, domin ba dukansu ke yarda da haka ba.

Kada ka yi mamaki idan kuɗin mazauni mai kyau ya kai na bututun. Haka abin yake.

Mataki na 5: ƙananan kaya

Yawanci za a ba ka gilashin ido biyu, na 25 da na 10. Na 25 yakan yi kyau, na 10 sau da yawa shi ne mai rauni a kwalin. Kada ka yi gaggawar sayen akwati guda na gilasai. Ka yi wata biyu da abin da ke hannunka, sannan ka sayi ɗaya mai kyau tsakanin milimita 7 da 9. Wani zaɓin shi ne gilashi ɗaya mai murzawa daga 24 zuwa 8, wanda a kan zango 1300 ke ba ka daga ninki 54 zuwa 162 ba tare da cire komai a duhu ba. Ga matafiyi wannan ya wadatar. Mai sa tabarau ya nemi wanda aka rubuta yana ba ido tazarar milimita 15 zuwa 20.

Ka tabbata ramin gilashin ido na inci 1.25 ne. Ka tabbata akwai 'yar gwiwar nan mai madubi da ke karya haske zuwa sama, ta digiri 90, ba ta 45 ba, in ba haka ba wuyanka zai gaya maka. Da ita hagu yakan koma dama a hoton, wannan ba lahani ba ne. Sai ɗan abin saiti da ke kan bututu: mai jan ɗigo ya isa ga duniyoyi. Gilashin Barlow mai ninka ninki biyu yana da amfani a gajeriyar Newton, a Maksutov kuwa kusan ba ka buƙatarsa.

Mataki na 6: wajen saye

Kafin ka biya, ka haɗa nauyin komai, bututu da kan mazauni da ƙafafu. Idan ya wuce kilo 8 ko 9, ko kuma sai an yi sawu uku kafin a fitar da shi, to ranakun da za ka fito da shi za su yi ƙaranci. Ka tuna da matakalar gidanku da faɗin ƙofar soro.

Alamun kayan da za ka guje wa a bayyane suke: ninki mai ɗaruruwa a jikin kwali, gilasan ido sirara na inci 0.965 masu harafin H ko SR, ƙafafu kamar na sauro. Akwai wani tarko da ya fi ɓoyuwa. Idan ka ga na'ura mai madubi irin ta Newton an rubuta mata zango 1000 amma bututun bai wuce rabin mita ba, an cusa wani ɗan gilashi ne a maƙogwaronta don a tsawaita zangon. Saita irin wannan yana da wuya ƙwarai, hoton duniyoyi kuma ba ya fita da kyau.

Sunaye biyu za ka fi cin karo da su, Sky-Watcher da Celestron, kuma dukansu suna da alaƙa da kamfanin Synta na Taiwan, shi ya sa kayansu ke shiga na juna. Orion da Meade na Amurka sun rufe a 2024. Kayansu na hannu suna da kyau, sai dai ba garanti a bayansu.

Ta hannu ba laifi ba ce idan za ka gwada. Haska tocila cikin bakin ka duba. Ƙura kaɗan ba komai, amma idan ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, fumfuna ce, ka haƙura. Murza marfin daidaita gani daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko yana tafiya sumul. In da hali ka gwada da dare: ka saita tauraro mai haske a tsakiya, ka ɗan kauce daga daidai, idan mai madubi ce za ka ga zobba a cikin juna da baƙin ɗigo. Idan ɗigon yana tsakiya cif, saitin yana nan. Idan ya karkata gefe, ta taɓa faɗuwa ko tana neman gyara.

Wanda zai sa a taho masa da ita daga waje, ya roƙi mai kawowa ya riƙe bututun a jakar hannu cikin jirgi, a nannaɗe da tufafi, ƙafafun su bi babbar jaka. Ka sa kuɗin dako da na kwastan cikin lissafinka tun farko. Ka ajiye rasit da ɗan littafinta a jakar, domin a shingen hanya bututu a kan ƙafa uku abu ne da ke jawo tambaya, kuma takarda tana gajarta bayani.

Mataki na 7: daren farko

Aikin yana farawa da la'asar. Ka saita na'urar a kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa, ka kawo ƙololuwarsa tsakiyar gilashin 25, sannan ka murza kusoshin ɗan abin saiti har jan ɗigon ya hau wuri ɗaya. Rashin yin wannan ne ya ci mini awa guda a wancan daren.

A nan zan roƙe ka da babbar murya: kada na'urar ta taɓa fuskantar rana, ko na ƙiftawar ido. Makanta ce nan take, kuma ba ta da magani. Ɗan baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gilashin ido da sunan na kallon rana yana fashewa da zafi, ka jefar da shi. Kada ka bar ta a kafe da rana inda yara suke. Zahra da jinjirin wata ma sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Bayan magariba ka fitar da ita ka bar ta ta sha iska, ka je ka yi isha'i ka ci tuwo. Idan daga ɗaki mai na'urar sanyi ta fito, gilashin zai yi gumi, ka bar shi ya bushe da kansa. Ka zaɓi wurin da ba za ka yi kallo ta saman kwanon rufi ko daɓen da ya sha rana ba, domin zafin da suke saki yana sa hoto ya yi ta tafasa. Manhajar Stellarium kyauta ce a waya, za ta nuna maka wace duniya ce a sama a daren. Da ido ma za ka gane su: tauraro yana ƙyaftawa, duniya haskenta a tsaye yake.

Fara da gilashin 25 kullum, ka kawo abin tsakiya, sannan ka sauya. Idan akwai wata, fara da shi, musamman daga kwana 5 zuwa 10, ka bi layin da ya raba haske da duhu inda ramuka da duwatsu ke jefa inuwa. Ka samu kujera ka zauna, domin mai tsaye jikinsa rawa yake yi bai sani ba. Sannan ka daɗe. Minti na farko Mushtari fara ce kawai da layi biyu. Ka ba ta minti goma, iska za ta riƙa natsuwa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a cikinsu sai ka ga gefen ɗamarar ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan kumburi da lotsawa. Daren da taurari ke ƙyaftawa da ƙarfi ka sauko da ninki. Darare mafi kyau da na samu a ƙarshen damina suke, cikin Oktoba da farkon Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, kuma hazo mara nauyi ma ba ya hana Mushtari da Zuhal.

In a soro za ka kafa, ka sanar da maƙwabta tukuna, domin kada wani ya zaci gidansa ake leƙe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kira maigidan ya hau ya gani da idonsa. Wani dattijo maƙwabcinmu da na nuna wa Zuhal ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ya ce, “Malam, ashe abin nan yana nan tun muna yara?” Ya aika aka kira jikokinsa. Yara ka ce musu su sa hannu a baya, ido kawai.

Idan an gama ka rufe baki da gindi kafin ka shiga ɗaki. Ƙurar hazo yashi ce mai laushi, idan ka goge ta da bakin riga ka kankare gilashin. Ka hure ta da 'yar robar hura iska ta masu kyamara, abin da ya rage ka ƙyale shi, ba ya rage gani. Da damina kada ka kulle ta a jaka tana da danshi, ka bar ta ta bushe a ɗaki tukuna, ka jefa 'yan ƙullin shan danshi irin na kwalin takalmi a cikin jakar. Kada kuma ta wuni a but ɗin mota a watan Afrilu, zafin yana narkar da man da ke cikin marfin daidaita gani.